Sunan Malam Garba a Jerin Taki

Gummi, Talata, 14 ga Yuni 2005, bayan isha

Yau kwamfuta ta ce babu Malam Garba a jerin manoman da za a ba taki, alhali da hannuna na shigar da shi. Ya ce, "Malam Bello, mi ya hwaru? Ko an saida buhuna?"

Ina zargin gyaran da ƙanena Sanusi ya yi wa kwamfaila, wadda ke fassara wa kwamfutar umarnina. Yanzu kowane sashe na manhajar da na rubuta na iya kafa tasa ƙa'idar jera sunaye. Sashen ajiya ya jera su unguwa-unguwa, sashen nema ya bi haruffa har ya tsallake sunansa, kwamfailar kuwa ba ta gargaɗe ni ba. Ko ni na kuskure? Na duba sau uku.

Sanusi ya ce ci gaba ne. Gobe dai da tsohon littafina zan raba takin, da Malam Garba zan fara.