Ƙafar Baba da Mai Tausa

Zuwa ga Gwaggo Luafata,

Gaisuwa mai yawa daga nan tsibirin Savai'i, da fatan kina lafiya, ke da Kawu Penaia da yara. Ubangiji ya ƙara miki lafiya, ya raba ki da ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau, an yi ruwa, gwaza ta yi kyau. Na ga hotunanki na coci a Brisbane, hular nan ta yi miki, har sau uku na danna hoton ina kallo.

Gwaggo, maganar Baba ce, kuma bai san na rubuto ba. Kin san taron dattawa da aka yi kan iyakar gona. Kwana uku yana zaune a rumfar taro, ƙafa a harɗe tun safe har yamma, don ba a miƙe ƙafa a gaban manya. Kwana na huɗu sharaɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ta yi sheƙi. Na ɗauki hoto na bincika a waya, abin da na gani bai yi mini daɗi ba, sai na matsa muka je asibiti.

Likitar ta ce gudan jini ne a jijiya. Wai cikin jijiya shimfiɗe yake da wasu ƙananan ƙwayoyi masu santsi kamar ganyen ayaba, jini na wucewa sumul. To ciwon sukari da taba sun daɗe suna cin na Baba. In ƙwayoyin suka fara mutuwa sai su yi danƙo, jini ya riƙa maƙalewa a kansu. Ga kuma ƙafa a naɗe kwana uku, jinin ba ya gudu, sai ya daskare. Ta ba shi maganin tsinka jini. Ta ce ya riƙa ɗan takawa, amma kada a yi wa ƙafar tausa ko kaɗan, don gudan zai iya ɓallewa ya tafi huhu, mutum ya faɗi yana tsaye. Baba ya ce to, to, kamar ya ji.

Muna isowa gida ya aika a kira Iya Seugogo mai tausa. Jiya ta zo da man kwakwarta da ganye. Na tsaya a bakin ƙofa na ce likita ta hana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita ta gyara kwanciyata tun ina cikin ciki, yau ni zan koya mata ƙafa? Baba ya ce in matsa, 'yar waya kawai, ko ƙwayar koko ta cakulan ban iya dakawa ba sai likitanci. Allah ya taimaka fasto ya shigo duba shi, zance ya yi tsawo, Iya ta gaji ta tafi. Ta ce za ta dawo ran Alhamis da safe.

Na nuna masa bidiyo, ya ce Turawa ne. Na kira Yaya Iosefatu a New Zealand, ya ce shi ba zai yi jayayya da Baba ba. Saura ke. A gidan nan kowa ya san Baba zai musa wa likita, zai musa wa fasto, amma namiji ba ya tsallake maganar 'yar'uwarsa mace. Ba sai kin yi masa bayanin jijiya ba, ba zai saurara ba. Ki ce masa kawai ke kin hana a taɓa ƙafar. Kuma ki kira Iya ki lallashe ta, ki ce ta yi masa kafaɗa da wuya, kada ta ji an wulaƙanta ta.

Ki gaida Kawu Penaia, da Sieni da jaririnta, da Tavita. Mama tana gaishe ki. Yau Talata. Ki kira Baba ta wayata, don in ya ga lambarki a tasa zai gane, ba zai ɗauka ba.

'Yarki,
Fuatino