Jar Fitilar Waifai

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunka ba, ko na ninke ta ban san wanda zan ba ya kai ba. Amma wata takwas ke nan ina ɗauke da wata magana. Kai ya kamata ka fara jin ta, sai ga shi 'yarmu Hafsa ta riga ka.

Gida lafiya. Damina ta sauka da wuri bana. Ɗan'uwanka Yaya Sale ya sa an shuka masara a gonarka ta Ɗansoshiya, ya ce ba za a bar gonar malamin gona ta kwana ba shuka ba. Babban ɗanka yana Kano, yakan zo duk ƙarshen wata. Babur ɗinka yana zaure, na lulluɓe shi da tsohon bargo. Bafulatanar da ke kawo mana nono har yanzu in ta sauke ƙwarya sai ta waiga wajen kujerarka, sannan ta tuna.

Waifai ɗinka ma, na'urar nan ta intanet, yana nan a kan tagar ɗakinka, da halinsa yadda ka san shi. Ka tuna abin da ya sa ka saye shi. Gidan nan a kwari yake, can bayan Bebeji, sabis ba ya shigo mana. In za a kira mu sai mutum ya fita ya hau tudun masallaci. Ka kafa dogon bututun ƙarfe a jikin katanga, ka ɗaura masa eriya, ka ce daga yau duk wanda ke neman mu zai same mu. Haka kuwa aka yi, amma sai ranar da abin ya ga dama. In fitilar ta yi kore, kira da saƙo su shigo. In ta yi ja, mun zama kamar ba ma duniya. Kai ne mai lallashinsa: ka kashe, ka ƙirga ashirin, ka kunna, ka zare layin ka goge da bakin riga, ka fita ka juya bututun ya fuskanci titin Kano. Ni kuwa sai in yi ta mita.

Yanzu ni ke yin duk wannan. Da safe kafin in ɗora ruwan koko sai na leƙa na ga launin fitilar. In na fita unguwa, da ita nake tafe a raina. In ta yi ja sai in kasa cin abinci, in yi ta tunanin wane ne yake kira yanzu ba na ji. Yara sun ɗauka kewarka ce. Babban ɗanka ya ce zai kawo sabo, na hana. Hafsa ta ce a jefar da shi, na ce ba mai taɓa shi ina raye.

Malam, ga abin da ban faɗa wa kowa ba.

Ranar da ka tafi Tudun Wada wajen manoman shinkafa, ka tuna mun rabu ba daɗi. Na so ka fara kai ni wajen Inna da ba ta da lafiya, kai kuma ka ɓata safiyar a kan waifai, kana kashewa kana kunnawa, har rana ta yi ka ce sai gobe. Ka fita ban yi maka a dawo lafiya ba. Bayan tafiyarka na shiga ɗakin, na ga jar fitilar tana kallona. Haushi ya kama ni. Na sa hannu na zare shi daga soket, na jefa wayar wutarsa a bayan tebur, na ce ya huta ni ma in huta. Na koma na yi wankina.

Sai bayan la'asar na tuna na mayar. Bai yi minti biyu ba ya kawo kore, wayata ta fara ƙara ba tsayawa. Kira uku daga gare ka, tun kafin azahar, da saƙon murya ɗaya. Na kunna. Na ji kana numfashi da ƙyar, kana cewa kana Kwanar Dangora a rumfar wani mai shayi, ƙirjinka ya riƙe, ka manta ƙwayar da kake sawa a ƙarƙashin harshe tana aljihun farar rigarka, in ba wani ɗan acaɓa ya kawo maka yanzu. Ban kai ƙarshen saƙon ba. Na ruga na ɗauko ƙwayar, ina neman mayafi, sai ga sallamar Yaya Sale a zaure. Daga jin muryarsa na san an gama.

Ya ce mutanen wurin sun ga ka jima a zaune kana danna waya, kana cewa ana nan tafe da magani, shi ya sa ba su yi saurin kai ka asibiti ba. Da suka kai ka, ba ka yi awa ɗaya ba. Shi ma ka kira shi, yana gona bai fita da waya ba. Ya tambaye ni ko ka kira gida. Na ce waifai ne ya ɗauke tun safe. Bai sake tambaya ba. Wa zai yi musu? Duk dangi sun san halin abin. A zaman makoki har mata na cewa kayan zamani ba su da amana, ni ina zaune na sunkuyar da kai ina jin su.

Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya, ja yake lokacin da na zare shi. Amma ka sani, na sani, sau tari yakan dawo da kansa bayan awa ɗaya ko biyu. Da na bar shi, da ya dawo kafin azahar? Da kiranka na farko ya shigo? Daga nan zuwa Kwanar Dangora a babur ba ta kai awa ɗaya ba. Da ƙwayar ta isa, da ta yi amfani? Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da wannan, ina faɗa wa kaina bayan kowace sallah. Amma hannuna ne ya zare wayar, Malam, ba hannun kowa ba.

Talatar da ta wuce ne maganar ta fito. Hafsa ta nemi gurbin ƙaro karatu, wanda kai ka fara cika mata takardunsa. Masu makarantar sun kira ta ganawa ta bidiyo da ƙarfe goma na safe, suka ce ta zauna a ɗaki shiru ba hayaniya. Mun yi sati muna shiri. Ta share ɗakinka, ta jawo teburinka kusa da taga, ta goge kwamfutarta. Kwana uku a jere fitilar tana kore, har muka fara sakin jiki.

Da asubahin ranar aka yi ruwa da iska. Gari na wayewa na leƙa, ja. Hafsa ta kashe ta kunna ya fi sau goma. Ta zare layin ta goge ta mayar. Tara ta yi, tara da rabi ta yi. Na fita bayan katanga na ga iska ta juya bututun ya kalli gabas. Na shiga taɓo har idon sawu, na rungume ƙarfen ina juyawa kaɗan-kaɗan yadda nake ganin kana yi, ita tana taga tana gaya mini in ƙara ko in dawo. Saura minti bakwai ya kawo kore. Na tsaya a wurin riƙe da shi, na ƙi saki, don kar ya motsa.

Ta taga nake jin ta tana gaishe su da Turanci. Sun yi mata tambaya biyu ta amsa. Ana cikin ta uku na ji ta yi shiru, sai kuma ta fara maimaita ko suna jin ta. Na saki bututun na shigo da taɓona. Fuskokinsu sun ƙame a kan kwamfutar, fitilar ta koma ja.

Ban taɓa ganin 'yarka haka ba. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta fizgo waifai ɗin daga taga, ta ɗaga shi sama za ta buga da ƙasa, tana cewa wannan abin ya kashe mata uba, yanzu kuma ya zo kanta. Na riƙe hannunta. Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe da kansa. Na ce mata ba shi ba ne, ni ce. Na gaya mata komai, tun daga faɗanmu na safe har zuwa wayar da na jefa bayan tebur.

Ta kalle ni kamar ba ta san ni ba. Ta ajiye shi a kan tebur a hankali, ta rufe kwamfutar, ta gyara hijabinta, ta fita. Daga baya na ji a bakin maƙwabciya cewa acaɓa ta hau zuwa cikin gari, wata ƙawarta malamar makaranta ta buɗe mata ofis, ta haɗa da wayarta ta roƙe su, suka bar ta ta ƙarasa. Har yanzu ba su ce komai ba, sai ƙarshen wata. In ba ta samu ba, ban san yadda zan raba laifin waifai da nawa ba. A irin wannan lokaci uwa take gaya wa 'yarta irin wannan magana?

Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. Tana dafa abinci ta ajiye mini a bakin ƙofa. Ni kuma na kasa kallon idonta. Ina jira in ji ta kira yayanta ta faɗa masa, ba ta kira ba.

Jiya da hantsi ina tsince shinkafa ta zo ta zauna a gefen tabarma, ta ce tana so ta ji saƙon. Wata takwas yana cikin wayata, ban goge ba, ban kuma sake kunnawa ba. Na miƙa mata. Muka ji numfashinka, muka ji maganar ƙwaya da farar riga. Nan na tsaya a ranar, ashe akwai saura. Ka yi shiru, ana jin ƙarar manyan motoci a bayanka, sannan ka ce in saƙon bai shigo da wuri ba kar in dami kaina, laifinka ne, ka fita ba ka gyara bututun ba. Ka ce gobe da sassafe za ka kai ni wajen Inna.

Malam, kana wannan hali kana nema mini uzuri? Kana ɗora wa kanka abin da ni na yi? Da ka zage ni a saƙon nan da ya fi mini sauƙi.

Hafsa ta sake kunnawa sau biyu. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ta jawo farantin ta taya ni tsince shinkafar har muka gama. Ranar Juma'a Yaya Sale zai zo, na yi niyyar in gaya masa da bakina, shi da babban ɗanka, a zama ɗaya. Ina tsoron ranar, amma na gaji da ɓoyo.

Ka yafe mini wayar da na zare, ka yafe mini a dawo lafiyar da ban yi maka ba. Ga ta yanzu, ko da ta makara: Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka sauka a gida mafi alheri, ya haɗa mu a inda ba sai an yi kira ba.

Ni ce matarka,
Asabe