Haramin Kaka Ya Ga Teku

Gadarif, ranar Talata, bayan yankan riɗi.

Zuwa ga Yayana Nasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Atine da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya tsare maka ƙafa, don na ji yanzu benaye kake ginawa a Kano. Mu nan muna nan yadda ka sani, ko ma ƙasa da haka. Riɗi bai yi auki ba, dawa kuma mun raba da tsuntsaye. Gari ya cika da waɗanda yaƙi ya koro, makarantar da nake koyarwa ma iyalai ne ke kwana a cikinta. Inna tana fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ka daure ka karanta har ƙarshe, ko da zuciyarka ba ta huce ba. Idonsa ya yi nisa. Makonni uku da suka wuce ni da maigidana Kamal muka kai shi Bur Sudan wurin likitan ido, muka wuni a bas ta hanyar Kasala har ƙafafunsa suka kumbura. Likita ya duba, ya ja ni gefe, ya ce jijiyar ce ta mutu, babu aikin da zai dawo da ita, ɗan hasken da ya rage kuma da wuya ya kai baɗi. Ka san abin da Baba ke son gani da wannan ɗan hasken. Ba jikokinsa ba ne, ba gonarsa ba ce, Ka'aba ce.

Don haka washegari muka je neman fasfo. Ma'aikacin mutumin kirki ne, har kujerarsa ya ba Baba, amma ya ce sai da takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ita kuma sai da shaidar uba da ta kaka. Ina muka gan su? Kai ka fi ni sanin labarin. Kaka Sharu ya baro Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya nan noman damina ɗaya don ya ƙara guzuri, daminar nan ce har yau ba ta ƙare ba. Bai yarda an rubuta sunansa a ko'ina ba, wai matafiyi ba ya rajista a zango. Baba ya gaji wannan kamar yadda ya gaji haramin Kaka, fararen yadudduka biyun nan da ke ƙasan akwati, waɗanda ba ya bari kowa ya taɓa. Shi ya sa har yau muke cikin bukkokin ciyawa maƙwabta na zuba bulo. Shi ya sa ya hana ka gina mana ɗaki shekara tara da suka wuce, ya ce mai gini ya fasa tafiya, kai kuma ka yi fushi ka nufi yamma, ya ce ka juya wa alƙibla baya. Tun ranar bai sake ambatar sunanka ba, sai dai ya ce wancan maginin.

Ni na fito daga ofishin jikina a mace, amma Baba ko a jikinsa. Ya ce sannu ba ta hana zuwa, mu dai mu kai shi Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa inda mutanenmu ke tsallakawa tun zamanin da. Kamal ya ce tafiyar awa ɗaya ce, mu je mu dawo a yini, ko ba komai tsoho ya shaƙi iskar teku. Yaya, wallahi ni na ɗauka yawon buɗe ido za mu je. Ban lura da ƙunshin da ya rungume a hammata ba sai da muka sauka.

Sawakin tsibiri ne ƙarami da aka haɗa da gaɓa da 'yar hanya. Gidajen da dutsen teku aka gina su, wasu hawa uku, amma yawancinsu sun zube, sai tagogi tsaye babu ɗaki a bayansu, da kyanwoyi masu ƙiba suna kallon mutane kamar su ne masu gari. Muka zauna wurin wani dattijo mai sayar da gahawa, ya yi ta ba mu labari. Ya ce har 'yan Fotugal sun taɓa zuwa nan da jiragensu da igwa, Turkawa sun yi mulki, Ingilishi ma sun yi nasu, kowa ya tafi ya bar wa kyanwa. Baba ya shafa wani bango da ya faɗi, ya yi dariya, ya ce to ga masu ginin dutse nan, ina suke yau? Na san da kai yake.

Can sai Baba ya gyara zama ya tambayi dattijon inda masu kwalekwalen alhazai suke tsayawa, don yana so ya yi ciniki da ɗayansu tun rana ba ta yi ba. Ashe shi a ransa, in dai mutum ya kai bakin ruwa, magana ta ƙare, kamar yadda Kaka ya riƙa ba shi labari yana yaro. Dattijon ya fara dariya, da ya kalli fuskar Baba sai dariyar ta tsaya. Ya gaya masa a hankali cewa wannan zamanin ya wuce tun kafin a haifi shi kansa mai gahawar, yanzu babban jirgi ne ke tashi daga sabuwar tasha can gefe, kuma ko kyanwa ba ta shiga sai da fasfo da biza. Daidai nan jirgin ya yi ƙara. Baba ya juya kai wajen ƙarar, ya tambaye ni ko farin abin nan da yake gani dishi-dishi shi ne. Na ce shi ne.

Ya ce mu kai shi bakin ruwa. Ya kwance ƙunshin, ya ce ko ba komai haramin mahaifinsa ya ga tekun da aka saye shi dominsa. Ya kama gefe biyu ya warware, sai yadin ya rabu a hannunsa daidai kan layin ninki, babu ko ƙara. Shekara kusan casa'in yana ninke, zaren ya mutu ba wanda ya sani. Ya tsaya yana lalube, yana ƙoƙarin haɗa bakin yagar kamar zai manne. Ni kuka nake, Kamal ya juya baya. Baba bai yi kuka ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya naɗe guntayen ya miƙa mini, ya ce in ajiye a haɗa da likkafaninsa.

Haka muka dawo Gadarif. Yanzu ya daina tambayar farashin jirgi, ya daina cewa in Allah Ya kai mu baɗi. Yana zaune ƙofar bukka yana jan carbi, abinci sai Inna ta yi da gaske. Shekaranjiya ina shara ya kira ni, ya tambaya ko kana nan kana ginin. Sunanka ya faɗa, Yaya, Nasir ya ce, har sau biyu. Ya ce in rubuta maka ka zo ka gina ɗakin, da bulo, ka zuba harsashi mai zurfi, don mun iso.

Na san shekara tara kana jiran wannan magana, amma da ka ji muryar da ya faɗe ta da ita, da ba ka yi murna ba. Na kuma san hanyar da ka bi ka tafi yaƙi ya rufe ta, ban san ta ina za ka biyo ba, ban kuma san ko idon zai jira ka ba. Na dai isar da saƙo. In zuwan bai yiwu ba, ka kira waya ranar da layi ya dawo, ka ce masa ka ji.

Inna tana gaishe ka, haka Gwaggo Hannatu da Kamal. Ka gaishe mini da Atine, ka shafa kan Asiya da Yahya, ka gaya musu kakansu ya ga teku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zaituna