Yesu Ta Ce, Ba Isa Ba

Garwa.

Zuwa ga yayana Rodrigue,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, da matarka da yara, da aikin kamun kifi can Mbakaou. Allah ya ƙara ƙarfi. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Yaya, na san tun rasuwar Mama ka daina zuwa coci, ka kuma hana a yi maka zancen ranar. To yau sai ka ji, ko ka yaga takardar daga baya, domin ran mutum ne a ciki. Ka tuna Su'ad, 'yar Baba Mahamman mahauci, maƙwabcinmu da ke yanka mana akuyar Kirsimeti don Musulmin unguwa su ci tare da mu? Ita ce ke zaune kusa da Mama a motar da 'yan bindiga suka tare a hanyar Mora. Sai yanzu ta iya ba ni labarin duka.

Ta ce sun fara harbe direba, suka sauke kowa, suna ware Kiristoci gefe. Su'ad ta yi maza ta yafa wa Mama mayafinta, ta ce musu gwaggonta ce. Har sun wuce su, sai ɗaya ya dawo ya doki Mama da gindin bindiga a baki don ba ta durƙusa da sauri ba. Haƙoranta suka zube, ta ce wayyo Yesu. Mutumin ya ɗora mata bindiga a goshi, ya ce ta maimaita. Su'ad ta rantse masa cewa Isa ta ce, ɗanta Isa take kira. Wallahi ya yarda, har ya fara sauke hannu. Sai Mama ta tofar da jini, ta dubi Su'ad ta ce: “A'a, 'yata, Yesu na ce.” Nan ya harbe ta. A cinyar Su'ad ta cika.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na faɗe shi cikin fushi: Isa da Yesu ai mutum ɗaya ne, da ta yi shiru da tana nan tana yi mana faɗa. Su'ad ma ta ce haushin tsohuwar ya hana ta sukuni. Ta yi ta tambayar kanta wane ne wannan da mace ba za ta yarda a sake masa suna ba ko da bakin bindiga. Tambayar ce ta kawo ta coci, ba wa'azin kowa ba. A bikin Ista aka yi mata baftisma. Ka gani, mutuwa ɗaya ta fitar da kai, ta shigo da ita, ni kuwa ban iya fassara wannan ba.

Da 'yan'uwanta maza suka ji, suka kama ta a tsakar gida, suka karya mata hannu da taɓarya, suka fasa mata kai. Baba Mahamman ne ya tsaya a kanta da wuƙar yankansa, ya ce duk wanda zai ƙara taɓa ta sai dai ya fara bi ta kansa tukuna. Shi ya kawo mini ita daga asibiti. Ya ce bai yarda da hanyar da ta bi ba, kuma ba zai taɓa yarda ba, amma ba zai binne 'yarsa ba. Yana kuka yake roƙona in nisanta ta da Garwa, don 'yan'uwan nata sun san gidana.

Ba ni da kowa nesa sai kai. Asabar zan sa ta a motar Ngawundere, daga nan ta wuce Tibati, can kusa da ku. Ban ce ka koma coci ba, wannan tsakaninka da Allah ne. Ka dai je tashar Tibati ka tarbe ta. Za ka gane ta da hannu a ɗaure, da mayafin nan a kafaɗarta. Ta wanke shi sau da yawa, jinin Mama bai fita ba.

Ka gaida matarka da yara. Baba Mahamman yana gaishe ka, ya ce amana ce.

Ƙanwarka,
Georgette