Kofunan Kabet ɗin Inna

Litinin, 10 ga Maris, 2003
Ban gaya wa kowa ba: kofunan da na ce zan kawo, ban tambayi Inna ba. Ban ma san yadda maganar ta fito daga bakina ba.

Malama Turai mai koya mana Turanci ta ce kafin hutu 'yan matan aji ɗaya za mu yi liyafar shayi irin ta cikin littafin da take karanta mana. A hoton, bushiya da kunkuru da zalɓe suna zaune gindin itace, an shimfiɗa wa tebur zane, kowa da ɗan kofi mai furanni bisa ɗan faranti. Ta tambaya wa ya taɓa ganin irin kofin. Na ce muna da su, guda shida. Ajin duka ya juyo. Habi, 'yar ajinmu, ta ce ita ta ɗauka benci ne ya yi magana.

Talata, 11 ga Maris
Har yanzu ban gane mi ake nufi da liyafar ba. Ba suna, ba biki, ba wanda ya sauke Alƙur'ani. Kuma da la'asar, cikin zafin nan. Mu shayi sai maza a teburin Mode mai shayi bakin tasha, ko in mutum ba shi da lafiya a haɗa mishi da burodi.

Malama ta ce kowa zai zo a matsayin dabba ɗaya ta littafin. Habi zalɓe, don tsawon ƙafa. Ni bushiya. Aka yi dariya, ban tambayi dalili ba, na sani: da an taɓa bushiya sai ta dunƙule.

Alhamis, 13 ga Maris
Na gaya wa Baba da ya dawo daga ban ruwan albasa. Ya ce, to, tashe za a yi ba azumi? Amma ya ce zai sa Mode ya dafa mana a fulas. Maganar kofi ban kai gare ta ba.

Na tsaya gaban kabet ɗin Inna ina kallonsu ta gilashi. Tun ina rarrafe suke nan, saman kwallaye, farare da shuɗin fure. Da su aka yi mata jere da aka kawo ta daga garin Rabah. Tana fito da su ta goge ta mayar. Ban taɓa ganin bakin mutum a kansu ba.

Asabar, 15 ga Maris
Na tambayi Inna. Ta ce a'a.

Lahadi, 16 ga Maris
Ga yadda aka yi jiya. Tana tankaɗe, na zagaya ta baya don kada ta ga fuskata. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce kayan jere ido ka shan su, ba baki ba, kuma ranar da aka yi mini nawa jeren su za a fara sa wa a kabet. In ɗaya ya fashe, biyar za ta jera mini mutane su ƙirga?

Sai in je in ce wa Malama babu. A gaban su Habi. Magana ɗaya na yi tun da na shiga makarantar nan, ita ma ta zama ƙarya.

Na gwada kayan bushiya don in daina tunani. Tsinken tsintsiya na soke a tsohon faifai na ɗaura a baya. Kaji suka watse.

Talata, 18 ga Maris
Yau ma ban faɗa wa Malama ba. Na je har bakin teburinta, ta ce, Sa'adiyya, kofunanmu dai? Na ce e. Mi ya sa na ce e?

Laraba, 19 ga Maris
Inna ta ga ban ci tuwo ba ta matsa mini. Na gaya mata duka. Sai ta ce, "Tsaya. Wa yaf faɗa ma malamar muna da su? Habi?"

Na ce ni.

"Ke da bakinki? Gaban aji?"

Na ce e. Ta daɗe tana dubana kamar an musanya mata ɗiya a hanya. Kafin in kwanta na tarar da su cikin kwalla, kowanne naɗe da tsumma. Ta ce in na yi tuntuɓe in wuce garin Goronyo kawai, kar in dawo gidanga.

Alhamis, 20 ga Maris
An yi.

Gindin darbejiya muka kai tebur, Malama ta rufe shi da gyalenta. Ba mu da ƙananan kek na hoton, sai cincin da ƙuli-ƙuli. Habi ta yi baki da kwali tana tsayawa da ƙafa ɗaya. Wadda ta zo a kunkuru ta goyo ƙwarya. Malama ta zuba wa shida na farko, ta ce in sun sha a wanke a ba na gaba.

Ba wadda ta sha. Kowa ta riƙe nata da hannu biyu tana kallo. Malama ta ɗauka sukari ne bai ji ba, ta ƙara. Ta ɗauka zafi ne, ta jira. Ita a birni ta tashi, ba ta gane ba. Habi ce ta ce, "Malama, na jere na fa. Uwata ta ji na sa baki ga na jeren wata, sai ta yanka ni."

Duk suka juyo gare ni. Ni da ko ruwa ba na iya haɗiyewa in ana kallona. Na ɗaga kofin daga faranti, tsinkaye na sukar wuyana. Na tuna Inna tana naɗe su ɗaya ɗaya. In na mayar mata da su ba a sha ba, to don mi ta naɗe?

Na yi bisimilla na kurɓa. Ya huce, ya yi zaƙi da yawa, kuma shayin Mode ne dai, bai canza ba. Ban san mi na zata ba. Habi ta cire bakin kwalinta ta sha, sauran suka bi.

Har yanzu ban san mi muka yi murnarsa ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Shida suka dawo, ba wanda ya tsage. Inna ta duba bakin kowanne a rana. Sai ta tambaye ni, ƙasa ƙasa, ko shayi ya fi daɗi cikinsu. Na ce ban sani ba. Ta ce to, in jera su.

Biyar na jera, na ja su suka rufe gurbin. Na shidan yana bayan randa tare da ɗan ganyen shayi da Malama ta ba ni. Inna na tashi kafin kowa, amma gobe zan riga ta hura wuta, in kai mata shayi cikinsa.