Ranar da Baban Mi-ran Ya Yi Nutso

Tsibirin Panglao, 20 ga Janairu

Yaya Ok-ryeon,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya gwiwar nan taki da wannan sanyi? 'Yata Mi-ran ta ce dusar ƙanƙara ta rufe hanyar ƙauyenmu har mota ba ta hawa. Ki gaishe min da matan ƙungiyarmu ta masu nutso, har da waɗanda suka ɗaga hannu a kaina a wurin taro.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa, ga waya a hannun kowa. A waya katse ni kike yi, a takarda kuwa dole ki ji ni har ƙarshe. Za a ɗauki hotonta a tura wa Mi-ran ta kawo miki. Na san na fita daga taron nan na bugo ƙofa ban yi miki sallama ba, ke da kike shugabarmu. Ban ce na kyauta ba, amma maganata tana nan: ba zan koma tekun kakanni ba, ɓangaren nan da ake ware wa tsofaffi. Shekara arba'in da biyar ina nutso a Jeju da numfashi ɗaya, ina sahun matan da ke zuwa can bayan ƙahon dutse inda ruwa ya fi zurfi. Sai yau, don kunne ɗaya ya fashe, ki ce in dawo bakin gaɓa inda ruwa bai wuce wuya ba, in riƙa tsintar katantanwa da 'yan shekara tamanin? Haba Yaya! Jiri ne ya ɗebe ni ranar, sau ɗaya tak, kuma ke kika ciro ni, ban manta ba. Likita ya ɗinke kunnen, ya ce kada ruwa ya taɓa shi sai Maris. To, a Maris za ki gan ni a wurina.

Bari in ba ki labarin nan. Mi-ran da mijinta ne suka shirya mana tafiyar, wai mu huta tun da an gama tsinkar lemu. Mun bar gida da riguna uku-uku, muka sauka zafi ya mare mu tun daga ƙofar jirgi. Baban Mi-ran ya ƙi cire dogon wandonsa na ciki har yamma, wai jikinsa bai yarda ana yin irin wannan Janairun ba. Kimci, tsimammen kabejin nan namu da na ƙunso, ya iso lafiya, da shi muke cin shinkafarsu. Mangwaro kuwa ba a magana, na sha har na fara jin kunyar masu kawowa.

Amma ki dubi muguntar yaran nan. An ɗauko mai nutso an ajiye ta gaban teku mai ɗumi, garau, kina tsaye a gaɓa kina ganin ƙasansa, sannan a ce kada ta shiga! Jiya na hango abin tsinta burjik a kan duwatsu, ba mai taɓawa, wai an hana. Baƙi sun baje a yashi kamar kifin da aka shanya. Ni kuwa ina zaune ƙarƙashin kwakwa da auduga a kunne, maigidan yana bina da lema duk inda na juya.

Yau da safe kuma ya zo da sabon salo. Wai zai koyi nutso, irin na masu goya tukunyar iska. Mutumin da tun da ya aure ni aikinsa ya jira a gaɓa in fito ya saɓa raga a kafaɗa, ko ƙafarsa ba ya so ta jiƙe! Na yi dariya har kunnen ya soma min zafi. Ya ce, "Yi dariyarki, Maman Mi-ran. Na gaji da jin labarin ƙasan ruwa a bakinki, zan je in ga ko ƙarya kike min." Na ce to, a sauka lafiya.

Taki, ko muna faɗa,
Bu Chun-ja

Panglao, 24 ga Janairu

Yaya Ok-ryeon,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ina fata iskar ta lafa kun samu shiga ruwa. Saƙonki ya iso ta bakin Mi-ran, wai a ce min in sha mangwaro in yi shiru. Na gode. Mangwaron ina sha.

Ashe da gaske tsohon nan yake. Kwana uku ke nan kullum da safe yana cikin kwamin wanka na masauki tare da mai koya masa, wani dattijo mai furfura sunansa Rodel, wanda ya iya yarenmu daidai na ciniki da tsawa. Ranar farko ɗalibin ya sha ruwa ya ƙoshi. Gilashin fuskarsa ya yi hazo, ya tashi yana lalube yana kiran sunana. Ina kan kujera ina ba da umarni, har na nuna masa yadda ake toshe hanci a buɗe kunne. Rodel ya tsaya ya dube ni, ya tambaye shi wace ce wannan. Yaya, da kunnena mai lafiya na ji Baban Mi-ran ya ce, "Matata ce. A ƙauyenmu ba wanda ya kai ta zurfi, kuma ba ta goya komai." Shekara arba'in da biyu da aure, sai a ƙasar wasu na ji wannan magana! Tun daga lokacin Rodel "Malama" yake kirana, har da cire hula. Ki faɗa wa masu ɗaga hannu.

Ni dai a wurina wannan ba nutso ba ne, yawo ne. Mutum ya goya iskarsa a baya, me ya rage? Amma Rodel ya ce ɗalibinsa ba shi da sauri, sai dai ba ya ruɗewa, kuma shi ne babban abu. Wannan kam gaskiya ne, mutumin da gobara ba ta hana shi gama shan shayi.

Abu ɗaya ke ba ni haushi. Duk lokacin da na kawo maganar Maris, sai ya ɗauki wuƙa ya hau fere mangwaro. Bai ce in koma ba, bai ce kada in koma ba. Na ɗauka ya yarda.

Gobe za a fita da shi teku na gaske, kusa da wani ƙaramin tsibiri. Zan bi su a kwale-kwale. Wai dole in sa rigar ceto. Ni! Zan sa don a zauna lafiya.

Ƙanwarki,
Chun-ja

Panglao, 26 ga Janairu

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kin tashi lafiya. Mu ma lafiya, na fara da wannan don kada hankalinki ya tashi. Ki zauna ki karanta wannan ke kaɗai.

Jiya muka fita. Rana tas, ruwa shuɗi, 'yar iska kaɗan. Aka ɗaura masa kaya, ya zauna a bakin kwale-kwale yana min murmushi da roba a baki. Na gyara masa igiyar gilashi, na ce kada ya ba ni kunya. Ya faɗa da baya, Rodel ya riƙe shi, suka yi ƙasa. Da fari ina ganinsu sarai, har ina dariyar yadda yake harba ƙafa. Daga nan suka bi gangaren dutse, sai kumfa kawai. Can iska ta ɗan ƙaru, ruwa ya yamutse, kumfar ma na neme ta na rasa.

Yaya, ban taɓa zama a sama wani nawa yana ƙasa ba. Kullum ni ce a ƙasa, ko muna ƙasa tare da ku. Kin san mu, minti ɗaya ko biyu mace ta ɓullo ta saki fito, kowa ya ji tana raye. Nan kuwa shiru. Minti biyar, shiru. Minti goma, shiru. Na tambayi mai tuƙi, ya ɗaga min babban yatsa ya ci gaba da cin ayabarsa. Kai, na ji kamar in kwaɗa masa filafili! Matsalata na san ruwa. Na ga igiyar ruwan ta fara ja ta gabas, na san yadda take yi wa baƙo. Na tuna duk wadda muka taɓa cirowa. Na tuna shekarunsa sittin da takwas, da tarin da yake yi da safe, da cewa ni ce na yi masa dariya har ya nace.

Ban san lokacin da na cire takalmi da rigar ceton ba. Na tsinci kaina da ƙafa ɗaya a kan bakin kwale-kwale, mai tuƙi ya riƙe min hannu yana ihu da yarensu. Da ya sake ni da na faɗa, kunne ya fashe in ya ga dama. Tsoro na ji, Yaya, irin wanda ban ji ba ko ranar da jiri ya ɗebe ni.

Sai ga su sun ɓullo ta bayanmu. Minti talatin da biyar. Tsohon ya tofar da robar yana ihu, "Maman Mi-ran! Kunkuru! Na ga kunkuru ya fi teburinmu!" Da aka jawo shi ciki na ɗirka masa duka biyu a baya, na ce masa mara tausayi, tsohon banza, sannan na zauna na fashe da kuka a gaban baƙi. Rodel ya juya yana gyara abin da bai lalace ba.

A hanyar dawowa ya gama labarin kunkurunsa sau uku kafin ya lura har yanzu ina share hawaye. Ya dube ni, ya ce, "Sau ɗaya ke nan fa." Na ce sau ɗaya me? Ya ce, "Ke a rana sau nawa kike sauka? Ɗari?" Daga nan ya faɗa min abin da bai taɓa faɗa ba. Ashe a gaɓar ƙauyenmu akwai dutsen da yake zama a kai, ba barci yake ba kamar yadda muke tsokanarsa. Da na nutse sai ya fara ƙirga, sai ya ji fitona ya tsaya, kuma ya san nawa a cikin na mata ashirin. In mun zagaya bayan ƙahon dutse ba ya ji sosai, sai ya miƙe tsaye ya tara hannu a kunne. Ya ce ranar da jiri ya ɗebe ni ya kai ɗari da arba'in, ya ji na kowa ban da nawa, ya ci gaba da ƙirgawa don bai san abin da zai yi ba in ya tsaya. Na ce me ya sa bai taɓa gaya min ba? Ya ce, "In gaya miki ki sauka da ni a zuciya? Ai nauyi zan ƙara miki."

Na tambaye shi ko da gangan ya shirya min wannan. Ya rantse shi kunkuru ya je gani. Ban san ko in yarda ba.

Kada ki ɗauka na karaya. Har gobe ba wadda ta kai ni numfashi a ƙauyen nan, kuma in na ga dama a Maris zan taɓa ƙasan da na saba in dawo. Ba likita ne ya kayar da ni ba, ba kuma taronku ba. Ni na zauna na yanke, kuma ni zan faɗa wa matan da bakina, kada ki riga ni. Ruwa ba zan bari ba, sai ranar da aka ɗauke ni.

Ki rubuta sunana a tekun kakanni. Ki ce wa tsofaffin su kwantar da hankali, ba zan kwashe musu komai ba, zan bar musu na kusa. Alfarma ɗaya nake nema: ki ba ni gefen da ke ƙarƙashin dutsen nan nasa, inda zai ji ni yana zaune.

Ki gaida gida. Ranar Laraba za mu sauka, ki ce wa Mi-ran ta zo da rigunan sanyi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Bu Chun-ja