Tumatirin Inna ya nuna a Longsight

Daren Asabar, watan Satumba

Da safe na tarar tumatirin Inna ya nuna a ɗan lambuna na council, jajir da shi. Ragowar irin da ta adana cikin toka ke nan. A gida Najeriya kowa ya koma na kamfani, wanda sai an saya duk shekara. Da sanyin nan Ingila ya kashe na Inna, da shi ke nan.

Yaya Bashir, mai karatun noma a Birmingham, ya ce har yanzu ƙasashe na gardama ko manomi na da ikon ajiye irinsa ya raba.

Na ce, "Su yi ta yi, Yaya. Miƙo faranti."

Na matse 'ya'yan, na ba shi rabi. Alhamdulillahi. A gaban tsohuwar Baturiyar lambun gefe aka yi rabon, ita ce shaida.